Ranar da Aka Taru Raɗa wa Faɗuwata Suna

Ejan da ya kai ni Doha cewa ya yi direba ake nema. Ba zan kama sunansa ba, don ina tsoron in wuce gona da iri in ɗauki alhakinsa, alhali shi ya haɗiye nawa ya kora da ruwa. Abin da zan iya dafa Alƙur'ani a kai shi ne wannan: na sauka da lasin ɗina na gida a aljihu, ni da na yi shekaru ina jan motar haya tsakanin Funtuwa da Gusau, ko akuya ban taɓa takawa ba, amma washegari sai ga ni a ƙofar wata gona a Umm Salal, cikin kakin da ya yi mini yawa, ina gadin awaki da dabino.

Na nuna wa shugaban masu gadi lasin. Ya juya shi gaba da baya kamar an ba shi katin ɗaurin auren wanda bai sani ba, ya miƙo mini. Ya ce a ƙasar nan wannan ko baro ba ya ja.

Umm Salal ba Dohar da ake gani a waya ba ce. Katanga ce da yashi, da rana mai fitowa da fushinta tun ba ka gama azkar ba. Ɗakin gadin kamar akwatin ƙarfe, na'urar sanyin da ke ciki ƙara kawai ta iya. Aikina in buɗe ƙofa, in rufe ƙofa. Ni kuwa Allah Ya yi ni da wasiwasi. In na rufe sai in koma in taɓa kwaɗon, in dawo in zauna, zuciyata ta ce anya, in sake tashi. Akwai wani mutumin Bangaladash mai ba shuka ruwa, ba ya jin nawa ba na jin nasa, amma kullum da la'asar sai ya ajiye mini kofin shayi mai madara a bakin taga ya wuce abinsa. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya zauna a ƙofar har na dawo hayyacina. Mun rabu ban iya faɗin sunansa daidai ba. Allah Ya san shi.

Abin da ya fi ci mini rai a wurin motoci ne. Ina zaune ina kallon yara suna wucewa cikin manyan motoci, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waya. Wanda bai taɓa kauce wa rami ba, tirela ba ta taɓa cin hannunsa a kwana ba, bai taɓa canza taya cikin ruwan sama fasinja na zaginsa ba, wai shi ma direba. Titi shimfiɗe kamar dardumar masallaci, mota na sa wa kanta giya. Ko buhun masara ka ɗora a kujerar zai kai kansa gida.

Daga baya kamfanin ya mayar da ni gadin wasu gidaje a Mu'aither, aka ba ni gado a ɗakin da 'yan Arewa suka fi yawa. Nan Hausa ta sake cika mini kunne. Ranar da na fara cin tuwo da miyar kuka da wani ya ƙunso daga gida, hawaye suka zubo mini, ban ce yaji ne ba don babu yaji a miyar, na dai sunkuyar da kai. Nan kuma na gane dalilin da mutanen gida ke yi wa rogo kallon kitse. Mutum zai tuɓe kaki, ya ari tabarau, ya jingina da motar da aka sa shi gadinta a ɗauke shi hoto. A ɗakin nan ba a korar kowa daga aiki, kwantiragi ne ke ƙarewa. Ba a mayar da kowa gida, hutu ake tafiya, irin hutun da ake tafiya har da bokiti. Kowa ya ƙware wajen yi wa wahalarsa wanka ya shafa mata hoda.

Ubangidan masu wannan sana'a shi ne Nafi'u, ɗan Zariya, wanda ake kira Furofesa. Mai gadi ne kamar ni, kakinmu ɗaya, amma ya yi difloma, kuma kafin ku gama gaisawa sai ya san yadda ya yi ka ji labarinta. Shi ke tsara wa mutane abin da za su faɗa wa manaja da Turanci. Sai kuma Alhaji Tanko, dattijo ɗan Katsina, direban wani gidan Larabawa. Ba a ɗakin yake kwana ba, amma duk Juma'a yana zuwa mu ci abinci tare. Shi ya ji tausayina ya kai ni wurin Mista Rajan, wani Ba'indiye, manajan ƙaramin kamfanin da ke raba ruwan sha gida-gida, ofishinsu a Al Muntazah. Alhaji ya ce masa wannan ƙanina ne, direba ne na gaske, ni na tsaya masa. Mista Rajan ya ce in kawo lasin ƙasar, ya ba ni mota, ya mayar da sunana ƙarƙashin kamfaninsu. Nawa kwantiragin kuwa da gaske ƙarewa zai yi, an riga an faɗa mini ba za a sabunta ba. Ya zama ko lasin ko jirgi.

Ba kowane ma'aikaci ake bari ya shiga makarantar tuƙi ba. Abin da ya cece ni, a bizar da ejan ya samo mini an rubuta wai ni mai tallata kayan kamfani ne, ni da ko goro ban taɓa talla ba. Na daɗe ina juya abin a raina, ko halal ne mutum ya amfana da ƙaryar da wani ya yi. Sai da na tare limamin masallacinmu na tambaye shi. Ya ce ba ni na rubuta ba. Na ce amma na sani. Ya ce in je in koyi tuƙi.

Wanda aka haɗa ni da shi ya koya mini wani saurayi ne ɗan ƙasar su Mista Rajan. Na tabbata lokacin da na fara riƙe sitiyari yana goye. Ya zauna gefena ya miƙe ƙafa yana hira a waya, jifa-jifa ya ɗago ya ce yalla, yalla, wato mu je. Wai shi zai nuna mini inda ake ɗora hannu. Na haɗiye, don mai nema ba ya fushi.

Gwajin fakin da na hawan tudu na wuce su ba gardama. Titi ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. Yadda suke yi, ɗan sanda ya zauna kusa da kai, sauran masu jiran layi suna biye da ku cikin bas, kowa ya ɗan ja a sauke shi a ɗauko wani. Karon farko hon ne ya kayar da ni. Na hango mai keke can gefe na danna masa, na doshi kwana na danna, kamar yadda duk mai tsoron ɗaukar rai yake yi. Ɗan sandan ya toshe kunne. Da na koma na ɗaure hannuna daga hon, sai na tsaya a shataletale ina jiran hanya ta zama wayam, har na bayanmu suka fara yi mini abin da aka hana ni yi. Haka na yi ta safa da marwa har aka ce saura mini dama ɗaya. In ta wuce sai an koma makaranta daga farko, kwantiragina kuwa ba zai jira wannan ba.

Ranar ƙarshen na fita da alwala. Na gyara madubi, na sake gyarawa. Aka ce hagu, na ba da sigina na yi hagu. Aka ce dama, na ba da sigina na yi dama. Hon ko kallonsa ban yi ba. Na ga ɗan sandan ya fara sakin jiki. Muka shiga cikin unguwa, muka doshi wata mararraba mai hanya huɗu wadda babu danja, ya ce, “Sida,” wato in miƙe.

Nan zuciyata ta kawo mini tambaya. Mai yin hagu yana da sigina, mai yin dama yana da sigina. Mai miƙewa fa, haka zai bar jama'a cikin duhu? A gida kowane direba ya san amsar. Ka kunna duka biyun su riƙa walƙiya tare, na gaba da na baya su san ba inda za ka karkata. Ina so a fahimce ni, ba ruɗewa na yi ba. Da gangan na miƙa yatsa na danna jan maɓallin nan, har ina jin daɗi a raina, yau mutumin nan zai ga direban da ya san haƙƙin mutane.

Ya dubi gaban motar. Ya dubi madubi. Ya leƙa ta taga ya dubi taya.

“Mushkila?” Wato akwai matsala?

Na ce babu.

Bas ɗin da ke bin mu ta ja birki ta tsaya can nesa, direbanta na zaton motarmu ta lalace. Ɗan sandan ya kashe siginar da hannunsa, ya nuna mini gefen titi.

“Khalas,” ya ce, wato an gama.

Juma'ar da ta biyo baya, da aka sauko daga masallaci, muka kewaye farantin shinkafa da kaza a tsakar ɗaki. Labari ya riga ya kai wa kowa.

“To Malam Isuhu,” in ji Nafi'u, “Allah bai yi ba ke nan.”

“Allah Ya yi mana,” in ji Alhaji Tanko yana yagar cinya. “Faɗuwa Ya ƙaddara.”

Na ce musu gobe zan je wurin Mista Rajan in roƙe shi ya ƙara mini lokaci, amma ban san yadda zan faɗa masa ba. Ni iyakata firamare. Turancina na tasha ne da na bakin ƙofa. Kalma ɗaya na sani a wannan fanni, wadda malamin aji yake rubuta mana da jan biro.

Nafi'u ya lashe yatsunsa ya gyara zama. Ka ce an kawo wa wanzami kai.

“Kul! Kada ka kuskura ka ce I failed. Wannan ta 'yan firamare ce, ita kuma ake faɗa wa birki in ya tsinke. Wa zai ɗauki motarsa ya ba mutumin da ya kira kansa da sunan tsinkakken birki?”

“To me zan ce?”

“Suna da yawa. Turanci kogi ne. Kana iya cewa I missed it.”

“Ma'ana?”

“Ya kuɓuce maka. Kamar jirgi ya tashi ba ka iso ba.”

“Ai na iso. Ni na riga kowa zuwa.”

“Kai dai faɗa kawai za ka yi.”

“Furofesa, in ya ɗauka ban je ba alhali na je, na yi masa ƙarya ke nan.”

Wani daga can gefen faranti ya ce, “Wannan ko a kabari shi zai riƙa yi wa mala'iku tambaya.” Aka yi dariya. Na ce a'uzubillahi a zuciyata, don ban tabbata ya halatta a yi wannan dariyar ba.

“To ka ce I lost it,” in ji Nafi'u.

“Ita kuma fa?”

“Ka yi asara. Kamar an ci ku a ƙwallo. Ko in an yi wa mutum rasuwa, ita ake faɗa.”

“Subhanallahi, ina da iyali, in je in jawo wa kaina kalmar rasuwa? Kuma abin da bai taɓa shiga hannuna ba, ta yaya zan ce na yi asararsa?”

“Kai Malam Isuhu, ka fiye tsirfa. To I was unlucky. Ba ka yi sa'a ba. Ko ita ma haramun ce?”

Wannan na ɗan jima ina tauna ta. Amma ɗan sandan bai zalunce ni ba, ba kuma ƙuri'a aka jefa ba, yatsana ne ya danna. In na ɗora wa sa'a, kamar ina ƙorafi ne da ƙaddara. Na faɗa masa haka. Ya ɗaga kai ya dubi silin, irin na wanda aka haɗa da jarrabawa.

“Shi ke nan. Zan ba ka ta manya, wadda ba kowa nake ba wa ba. I was not successful on this occasion. Wato a wannan karon ba ka yi nasara ba. Ita manyan kamfanoni ke faɗa wa mutum in sun ƙi ɗaukarsa, ya fita yana yi musu godiya.”

“Furofesa,” in ji Alhaji Tanko, “aikin otal ɗin nan da ka nema, wacce aka ba ka a ciki?”

“Alhaji, wannan ai har yanzu suna nazari.”

“Tun bara? Lallai ka yi musu zurfi.”

Ɗaki ya kece da dariya. Alhaji ya juyo kaina, fuskarsa babu wasa. “Isuhu, jaki jaki ne ko ka ɗaura masa sirdin azurfa. Ni na kai ka wurin mutumin nan, fuskata ce a can. Ka je ka faɗa masa ko da hannu ne irin na bebaye.”

Na dubi mutanen nan, magidanta masu gemu, kowa da 'ya'ya a gida, sun taru sun kewaye faɗuwata ana neman sunan da za a raɗa mata. Rago kawai ya rage a yanka. Na raina su, na raina yaren da ya tanadi riguna har haka don abu ɗaya tsirara. Amma kada in yi wa kaina ado: na karɓi ta manyan. Na juya ta ta kowane gefe ban ga ƙarya a ciki ba, sai tsawo. Na sa Nafi'u ya yi ta maimaita mini har ta zauna.

Washegari a bas ina ta bitarta kamar mai hadda. Kalmar ƙarshen ce ke maƙale mini a harshe. Wata mata da ke kujerar gaba ta waiwayo ta dube ni, na yi shiru, na ci gaba a zuci.

Al Muntazah ita ce unguwar da ta fi kama da wurin da mutane ke rayuwa. Shagunan aski, masu gyaran waya, ƙamshin soyayyen burodin Indiyawa, wanki rataye a tagogi. Ofishin yana saman shagon wani tela. A ƙasa ana loda manyan robobin ruwa cikin fararen motoci. Na tsaya na kalli motocin, ina tunanin wacce ce ta kusa zama tawa. Na yi bisimilla na hau.

Mista Rajan yana kan waya. Na tsaya na haɗa hannuwa a baya har ya gama. Na buɗe baki.

“Sir, I was not…”

Ya ɗaga mini hannu. Ya ajiye wayar. Sai ya ɗaga hannuwansa biyu daidai kunnuwansa, ya riƙa buɗe yatsu yana rufewa, buɗe rufe, buɗe rufe, ya fashe da dariya har da buga tebur.

Ashe saurayin nan da ya koya mini tuƙi a shago ɗaya suke cin abinci da shi. Labarina ya riga ni zuwa, ya ci ya ƙoshi ya zagaya gari. Mista Rajan ya leƙa ta taga ya ƙwala wa direbobinsa kira, suka hau suka cika ƙofa. Ya ce in faɗa musu dalili. Ba wanda ya tambaye ni ko nasara na rasa ko sa'a. Sigina biyun kawai suke son ji.

Na yi bayani da Turancina na tasha da hannuwa. Hagu, ɗaya. Dama, ɗaya. Miƙe, biyu. Wani daga cikin direbobin ya tambaya, to in mota ta lalace a ƙasarku me kuke kunnawa? Na ce ba ma kunna komai, ganye muke karyowa mu jera a titi, gaba da baya, tun daga nesa kowa ya gani. Sai da ɗaya ya zauna a ƙasa don dariya. Na dube su, mutanen da ke tuƙi a ƙasar da ko ganyen da za a karya ba ta da shi. Gumi yana bin bayana duk da sanyin ofishin.

Da suka gaji ya sallame su. Ya share ido, ya nuna mini kujera. Ya ce babu lasin babu mota, wannan ba a hannunsa yake ba. Motar kuma ba za ta zauna jirana ba, akwai wanda ya ci gwajin, an ba shi. Na fara hango filin jirgi. Sai ya ce amma yana neman wanda zai riƙa bin motar, yana sauke robobi yana kaiwa cikin gidaje. In na yarda zai karɓi sunana, in sake shiga makaranta in na samu hali, in lasin ya fito a duba.

Yaron mota ke nan. Ni da nake da yara a tasha, ina zaune a inuwa ina cewa a ɗaure kaya da kyau. Na tuna irin tsawar da nake yi musu, na shiga lissafin ko akwai wanda na zalunta a ciki, ko haƙƙinsa ne ya biyo ni har nan. Na tuna bayana da yake ciwo in na daɗe a tsaye. Na tuna kuma yadda zan sauka a Funtuwa da jaka ɗaya, 'yan kamasho suna yi mini sannu da zuwa.

Na ce na yarda.

Direban da aka haɗa ni da shi yaro ne ɗan Nefal, shi ne wanda ya ci gwajin. Tuƙinsa kamar mai tsoron a ji. Amma ranar farko, da ya ga yadda na sunkuya na ɗauki roba, ya fito ya nuna mini a durƙusa a ɗora a kafaɗa, ya kwance ɗamarar bayansa ya ɗaura mini. Gidajen Al Muntazah tsofaffi ne, da yawa babu lif. Kafin azahar na san kowace matakala da sunanta.

Da muka tsaya cin abinci na koma inuwar wani bene na kira gida. Matata, Maman Sadiya, ta san ranar gwajin, ta kuma san na yi shiru tun daga ranar.

“Baban Sadiya, lafiya? Ya aka ƙare, an ba da motar?”

“Na faɗi,” na ce. “An ba wani. Ni an ɗauke ni yaron mota, ina dakon ruwa.”

Ina jiyo kukan kaji da ƙarar turmin maƙwabta.

“Yaron mota, irin su Ɗan'asabe da kake aika sayen goro?”

“Irinsu.”

“Amma ba za a dawo da kai ba?”

“Ba za a dawo da ni ba.”

“To alhamdulillahi. Allah Ya sa albarka. Ka riƙa kula da bayan nan naka.” Sai ta rage murya. “Gobe akwai biki gidan Yaya Hinde, ka san kowa sai ya tambaye ni. Me zan ce musu?”

“Ki ce yaron mota.”

“Haba Baban Sadiya. Ba shi da wani suna da Turanci?”